Yadda Ake Daidaita Launin Fenti a Ƙaramar Motar Harhaɗawa

Duk wanda ya buɗe kwalin ƙaramar motar roba ta harhaɗawa, ko ta Tamiya ce ko Revell ko Aoshima ko Hasegawa, zai tarar da takardar bayani cike da lambobin fenti, misali a ta Tamiya: jikin mota TS-8, dashbod X-18, salansa X-10. Mutane da yawa sukan ɗauka da an sayi kwalbar da ke ɗauke da lambar, magana ta ƙare. Sai an fesa an gama a ga jan ya yi duhu ya nufi makuba, ko shuɗin ya fi na ainihin motar ƙyalƙyali, ko bonet da bamba sun fito kamar ba daga gwangwani ɗaya ba.

Dalili kuwa shi ne, launin da ido ke gani a jikin motar ba daga kwalba kaɗai yake fitowa ba. Kalar robar kanta tana da hannu a ciki, haka firaimar da aka shimfiɗa a ƙasa, da yawan hawan fentin, da kiliya, wato fenti garai-garai da ake rufe launin da shi, da hasken da ake kallon motar a cikinsa. Lambar fenti mafari ce kawai. Ainihin daidaitawar a kan abin gwaji ake yin ta, tun kafin fenti ya taɓa jikin motar.

Wace mota, ta wace shekara

Jan Ferrari ba launi ɗaya ba ne. Rosso Corsa na motocin titi ya ɗauki lamba 300 a da, daga baya ya koma 322. Motocinsu na tseren Formula 1 kuwa sun sha sauya ja: a kakar 2007 ya koma mai duhu mai ƙyalƙyalin ƙarfe, a 2019 kuma aka cire masa sheƙi. Haka shuɗin Subaru da ake kira WR Blue, ya fara da lamba 02C, daga baya aka sake haɗi aka ba shi K7X. Saboda haka kafin ka nemi fenti, rubuta kamfanin motar da samfurinta da shekararta. In ta tsere ce, ƙara da sunan tseren, domin mota ɗaya takan sauya ado tsakanin tsere da tsere a kaka guda.

Daga nan sai lambar fentin ainihin motar. Yawancin kamfanoni suna buga ta a jikin motocinsu. A Toyota, duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko farantin da ke ɗakin inji, za ka ga C/TR. Haruffa ukun farko da ke biye su ne lambar launi. 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Farin Honda na motocin Type R lambarsa NH-0, shuɗin Nissan Skyline GT-R R34 da ake kira Bayside Blue kuwa TV2. Da lambar a hannu, hanyoyi uku ne a gabanka: ka sayi fentin da aka haɗa bisa lambar musamman don ƙananan motoci, irin na Zero Paints na Ingila ko Gravity Colors, ko ka nemi mafi kusa a cikin na Tamiya da Mr. Color ka gyara shi. Ko ka kai lambar wurin mai haɗa fentin mota.

Haruffan Tamiya suna da ma'ana, kuma rashin saninsu kan sa a yi asarar kuɗi. X fentin kwalba ne, galibi mai sheƙi. XF marar sheƙi ne. TS gwangwanin feshi ne, LP kuma irin fentin TS ne amma a kwalba. Akwai PS, wanda gwangwaninsa yake kama da na TS sosai, amma an yi shi ne don jikin motocin rimot masu roba garai-garai da ake fesawa ta ciki. Kada ka saye shi don motar harhaɗawa.

Za ka ci karo da jadawalin da ke cewa lamba kaza ta Revell daidai take da lamba kaza ta Humbrol ko Vallejo. Yi amfani da shi don rage yawan kwalaben da za ka gwada, amma kada ka ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. Mafi kusa yake nunawa, kuma mafi kusa a ja ko kore yakan yi nisa ƙwarai.

Hoto ba shaida ba ne

Kyamarar waya tana gyara launi da kanta gwargwadon hasken wurin, fuskar wayar kuma tana ƙara masa armashi. Tsofaffin hotuna sun riga sun koɗe, wasu sun karkata zuwa rawaya, wasu zuwa shuɗi. Hoton jikin kwali kuma sau da yawa zanen hannu ne. Misali sananne shi ne McLaren MP4/4 ta 1988, wadda Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16 da ita. A talabijin da mujallu ja ce sak, amma a ido jan nata mai walƙiya ne da ya karkata zuwa ruwan lemo. Wanda ya bi hoto zai sayi ja na yau da kullum, wanda ya san motar kuwa TS-36 zai nema.

Mafi ingancin abin kwatance shi ne ainihin mota mai wannan lamba. In akwai ta a unguwa ko a garejin makanike, nemi izini ka kai abin gwajinka ka kanga a jikinta, amma zaɓi wurin da rana ba ta ci ba, kamar cikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin but. Rufin motar da ta shekara goma a rana ya riga ya koɗe, musamman ja. In babu mota, katin launi na masu haɗa fenti ne ke biye. Hoto ne na ƙarshe, shi ma a tara da yawa, waɗanda aka ɗauka a waje ba tare da rana mai ƙarfi ba. A kowane hoto duba wani abu da ka san fari ne ko baƙi, kamar lambar mota ko taya. In farin ya yi rawaya, to duk hoton ya yi rawaya, har da launin da kake nema.

Nau'in fenti, a taƙaice

Iri uku ne. Na tina (tina ita ce sinadarin da ake sirka fenti da shi), wanda za ka ga an rubuta Lacquer a jikinsa, irin su TS da LP da Mr. Color: yana bushewa da wuri, yana da tauri, shi ya fi dacewa da jikin mota. Na mai, wanda ake rubuta wa Enamel, irin ƙananan gwangwanayen Humbrol da Revell masu mililita 14: yana kwanciya sumul amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri, farinsa kuma yana komawa rawaya da daɗewa. Sai akirilik, irin X da XF da Vallejo, mai sauƙin wari. Ba a haɗa iri biyu a kwalba ɗaya, sai su tsinke su yi gudaji. Wajen jerawa kuma na tina ne a ƙasa, na mai ko akirilik a sama. In ka juya, ka fesa na tina a jiƙe a kan na mai, zai yamutse shi.

Gwajin cokali

A nan aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Sami fararen cokulan roba irin na abinci guda goma sha biyu. Waɗanda aka buga wa PS (a nan alamar nau'in robar ce, ba fentin PS ba) ko lamba 6 a baya sun fi, domin robarsu iri ɗaya ce da ta motar, kuma bayan cokali yana da lanƙwasa irin ta jikin mota, yana nuna yadda launi ke sauyawa tsakanin inda haske ya sauka da inda ya zame. Wanke su da sabulu, su bushe. Fesa wa huɗu farar firaima, huɗu mai ruwan toka, biyu mai ruwan hoda in ja za ka yi, biyu baƙa in ruwan azurfa ko wani mai ƙyalƙyali ne. Tamiya tana da Fine Surface Primer fara da mai ruwan toka da mai ruwan hoda, Mr. Surfacer 1500 kuma akwai shi fari da baƙi da ruwan toka. Rubuta lamba a mariƙin kowane cokali, ka buɗe littafi ka rubuta abin da ka yi wa kowace lamba.

Me ya sa firaima ke da wannan tasiri? Ja da rawaya da ruwan lemo da fari ba sa rufe abin da ke ƙasansu sosai. Haske yana ratsa su ya daki firaimar ya dawo. Abin kamar rini ne: farin yadi da yadi mai duhu ba za su fito iri ɗaya daga karofi ɗaya ba. TS-8 a kan farar firaima ja ne mai haske, a kan ruwan hoda ya fi cika da wuri, a kan ruwan toka kuwa sai ya mutu ya nufi ruwan ƙasa. Rawaya a kan ruwan toka kore-kore take komawa, ko hawa nawa ka yi. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu da baƙi ba su cika damuwa da abin da ke ƙasa ba.

Bayan firaimar ta kwana, fesa launin. A cikin cokulan da ke da firaima iri ɗaya, yi wa ɗaya hawa biyu, ɗaya uku, ɗaya huɗu, da tazarar minti 10 zuwa 15 tsakanin hawa da hawa. Yi shi yadda za ka yi wa motar: nisa ɗaya, tina ɗaya, saurin hannu ɗaya. Washegari rufe rabin kowane cokali da tef ɗin takarda, ka fesa wa ɗaya rabin kiliyar da za ka yi amfani da ita. Wannan ba ƙari ba ne. Kiliya tana zurfafa launi, kuma fentin Zero Paints da na masu haɗa fentin mota dushi-dushi suke bushewa, ba ka ganin gaskiyarsu sai kiliya ta hau.

Bar su su yi awa 24 kafin ka yanke hukunci, domin fenti jiƙaƙƙe da busasshe ba ɗaya ba ne. Sannan fita da su waje, a inuwa, da hantsi. Kauce wa hasken safiya sosai da na la'asar sakaliya, suna da ja a cikinsu. Kanga cokalin dab da abin kwatance, ka duba kai tsaye, ka duba ta gefe, ka ja baya kamar mita ɗaya ka sake dubawa. Kada ka ƙura ido fiye da 'yan daƙiƙu. Ido yana gajiya da launi, musamman ja, sai komai ya koma maka daidai. Kalli wani abu mai ruwan toka ka huta, ka dawo. Daga nan shiga ɗaki ka sake kwatantawa a ƙarƙashin fitilar da motar za ta zauna. Yakan faru launi biyu su dace a rana su rabu a hasken ƙwan lantarki, saboda garin launin da aka haɗa su da shi daban ne. In za ka sayi fitilar aiki, nemi mai 5000K zuwa 6500K, wato mai haske irin na rana, mai CRI (ma'aunin nuna gaskiyar launi) 90 ko fiye.

Tambayoyi uku za ka yi, kuma a jere. Ina launin ya karkata, wato jan ya nufi lemo ne ko shunayya, shuɗin ya nufi kore ne ko shunayya? Ya fi haske ne ko duhu? Ya fi kaifi ne ko ya fi mutuwa? Fara gyara karkatar, domin da ka gyara ta sauran biyun sukan motsa da kansu. Sau da yawa ma ba sai ka haɗa komai ba: sauya firaima ko ƙara hawa ɗaya ya wadatar.

In sai an haɗa

Tanadi sirinji marar allura mai mililita 1 da mai mililita 5, da ƙananan kwalabe masu murfi, da tsinken motsawa. Motsa kowace kwalba har ƙasa kafin ka ɗiba. Garin launi yana kwanciya, kuma wanda ya ɗibi na sama kaɗai ba launin kwalbar ya ɗiba ba.

Fara da ɗigo-ɗigo. Zuba ɗigo 20 na launin da ya fi kusa, ka ƙara ɗigo ɗaya na mai gyara, ka motsa, ka fesa a cokali, ka rubuta. Kullum mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske. Ɗigo ɗaya na baƙi ko shuɗi yana iya juya mililita guda na fari, amma in ka zarce, sai ka kusa ƙarar da kwalbar fari kafin ka dawo da shi.

Akwai tarkuna da aka sani. Ba a ƙara wa ja duhu da baƙi, ruwan ƙasa yake komawa. A sa ja mai duhu ko ɗan shunayya kaɗan. Ba a ƙara masa haske da fari, ruwan hoda zai zama. A sa ruwan lemo ko a koma farar firaima. Baƙi a cikin rawaya kore yake haifarwa; a sa ɗigon lemo ko ruwan ƙasa. In launi ya cika kaifi, ɗan ruwan toka ya fi baƙi iya kwantar da shi. Kuma in haɗinka ya wuce launi uku ko huɗu, zubar ka sake, domin kowane ƙari yana dusashe shi har ya zama ba ja ba, ba ƙasa ba.

Fari ya fi kowane launi yaudara. TS-26 fari ne tas, ya dace da irin 040 na Toyota. TS-7 ya karkata zuwa ruwan madara sosai. NH-0 na Honda yana tsakaninsu, don haka a kan fara da kashi 30 na fari da kashi ɗaya na rawaya mai ƙasa-ƙasa, a gwada, a ƙara ko a rage. A kwalba ba za ka ga bambancin ba, sai ka ajiye cokalin kusa da farar takarda.

Da ka samu haɗin da ya yi, mayar da lissafin ɗigo zuwa mililita da sirinji, ka sake gwada cokali ɗaya, domin ɗigon fenti mai kauri ya fi na mai ruwa girma. Jikin mota mai ma'aunin 1:24, wato wadda ainihin motar ta ninka tsawonta sau 24, yakan sha mililita 10 zuwa 15 na fentin da aka riga aka sirka. Haɗa ninki biyu na haka a lokaci guda. Haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko, kuma ranar da gefen ƙofa ya goge za ka bukaci ragowar. Manna takarda a kwalbar da lissafin haɗin da kwanan wata.

Ana iya gyara fentin gwangwani ma. Manna bututun shan lemo a bakin feshin, ka fesa cikin kwalba a waje. Fentin zai fito da sanyi yana tafasa saboda iskar gas da ke cikinsa. Ɗora murfin sako-sako ka bar shi awoyi, har ya daina kumfa in an motsa. Kada ka ɗaure murfin ko ka girgiza kafin nan, zai yi maka ambaliya.

Mai ƙyalƙyali da mai hawa uku

A ma'aunin 1:24, milimita ɗaya a ƙaramar mota milimita 24 ce a babba. Ke nan garin ƙarfen da ke cikin ainihin fentin mota, in ka fesa shi yadda yake, ya ninka girmansa sau 24 a idon mai kallo. Launin yana iya dacewa amma motar ta fito tana walwali fiye da kima. Nemi mai gari mafi laushi, ko mai ƙyallin lu'ulu'u irin waɗanda Tamiya ke rubuta wa Mica ko Pearl, kamar TS-50 da ake yi wa Subaru Impreza ta tseren rali. A nan gwajin rana kai tsaye wajibi ne, domin a inuwa duk gari laushi gare shi.

Yadda ka fesa ma yana sauya launin. Feshi a jiƙe yana sa garin ya nutse ya taru, launin ya yi duhu da dabbare-dabbare. Feshi sama-sama daga ɗan nesa yana sa garin ya kwanta bai ɗaya, launin ya yi haske. Don haka hawan ƙarshe ya zama sama-sama. Kada samfefa ta taɓa shi kafin kiliya, tabon ba ya ɓoyuwa. In ƙura ta faɗa, goge wurin ka sake fesa launi a kai.

Wasu launuka hawa uku ne tun daga kamfani, kamar jan Mazda mai lamba 46V. Ana kwaikwayonsa da ruwan azurfa ko zinare a ƙasa, ja garai-garai irin X-27 a tsakiya, kiliya a sama. Matsalarsa ita ce kowane hawa na jan yana ƙara duhu, kuma inda feshi ya haɗu da feshi ya fi duhu. Sirka shi sosai, ka ƙidaya hawan da ya dace a cokali, ka tsaya a kan wannan adadin ko da idonka na cewa a ƙara.

Fentin masu haɗa fentin mota

Gwangwanin feshi da fentin tina ba su cika samun shiga jirgin sama ba saboda suna kamawa da wuta, don haka sayo su daga waje yana da wuya. Mai haɗa fentin mota na kasuwar kayan gyara yana iya fitar da kai. Ba shi lambar, ka ce mililita 50 zuwa 100 kake so na launin da ake rufewa da kiliya, ba wanda ake zuba wa hadina (sinadarin da ke sa fenti tauri) ba. In mai ƙyalƙyali ne, roƙe shi ya sa garin azurfa mafi laushi da yake da shi.

Sai dai tinar mota tana da zafi, tana cin robar waɗannan motoci. In ta ratsa, jikin zai yi ƙuraje da tsage-tsage, kuma wannan ba fenti ne ya lalace ba, robar ce. Kariyar ita ce firaima hawa biyu zuwa uku da ta rufe ko'ina, ta bushe kwana biyu, sannan hawa uku na farko na launin su zama ƙura-ƙura, kowanne ya bushe kafin na gaba. Gwada a kan sandunan robar da sassan motar ke maƙale a jiki, su ne ainihin robar motar. Jan farce ma yana aiki a kan wannan sharaɗi, a sirka shi da tina kashi ɗaya zuwa biyu, kuma akan dace da launukan lu'ulu'u masu laushi a cikinsa. Kiliyar mota mai hadina kuwa tana da guba mai illa ga huhu; takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, sai na musamman mai matatar tururin sinadari, kuma a fili.

Fesa jikin

In robar ja ce ko rawaya kuma fari za ka yi, kalar robar takan huda firaima ta fito, farin ya koma ruwan hoda bayan kiliya ta hau. Fesa ruwan azurfa hawa ɗaya a kan firaimar farko, sannan farar firaima a kai. Inda ka cike da fila ma ya rufu ruf, in ba haka ba zai nuna a ƙarƙashin rawaya da ja.

Bonet da bamba da madubai da murfin but duk a fesa su zama ɗaya da jikin, da hawa iri ɗaya. In mai ƙyalƙyali ne ko mai hawa uku, manna su a mazauninsu da tef ta ciki, domin bonet ɗin da aka fesa a kwance da ƙofar da aka fesa a tsaye ba za su dace ba.

Da ƙaramar bindigar feshi, baki mai milimita 0.3 zuwa 0.5 ya isa, iska 15 zuwa 20 a ma'aunin psi, nisa santimita 10 zuwa 15, fentin tina kashi ɗaya da tina kashi ɗaya da rabi zuwa biyu. Da gwangwani, tsoma shi a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa na 'yan mintuna, girgiza minti biyu, ka fesa daga santimita 20 zuwa 25. Fara feshin kafin motar, ka ƙare bayan ka wuce ta. Fenti yana gudun kaifin gefe yana taruwa a kwari, shi ya sa akan ga firaima tana leƙowa a bakin ƙofofi. Bi waɗannan layukan da feshi sama-sama tun farko, kafin ka rufe sauran jikin.

Yanayi yana taɓa launi kai tsaye. A zafin bazara fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya kwanta da kaushi, launin ya fito da haske fiye da na cokali. Yi aikin da sassafe, ka yi amfani da tina mai jinkirin bushewa irin Mr. Color Leveling Thinner. Da damina, in laima ta wuce kashi 70 cikin 100, fentin tina yakan yi hazo fari-fari, baƙi ya koma toka. Kada ka goge. Jira rana mai bushewa ka fesa hawa ɗaya siriri na kiliya ko na tinar nan, yawanci hazon yana narkewa. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasa, ka kifa wa motar tsabtatacciyar robar ajiye abinci da zarar ka sauke hannu.

Sitika da ƙananan sassa

A motocin tsere sau da yawa launi ɗaya yana zuwa rabi a fenti, rabi a sitikar ruwa. A nan sitikar za ka bi, ba ainihin motar ba, tunda ita ba ta gyaruwa. Yanko wani yanki da ba ka bukata, ka manna shi a cokali mai launin da zai zauna a kai, sannan ka kwatanta. A kan takardarta mai shuɗi-shuɗi launinta ba gaskiya ba ne, kuma farar sitika a kan ja takan yi ruwan hoda sai an sa fari a ƙasanta. Kiliyar TS-13 tana da zafi a kan sitika. Bar sitikar ta bushe kwana biyu, hawan farko su zama ƙura-ƙura.

A cikin mota, sheƙi ya fi launi muhimmanci. Baƙin dashbod da na kujera da na taya da na shasi ba ɗaya ba ne: X-18 mai rabin sheƙi don robobin ciki, XF-1 don kafet, XF-85 don abin da yake roba irin ta taya, X-1 don abin da aka yi wa fentin ƙarfe. In ka shafe su duka da baƙi ɗaya, cikin motar rami kawai zai zama. Fitilun baya X-27 ne, sigina X-26, a shafa ta ciki a sa ruwan azurfa a bayansu. Inji da giyabos XF-16, ƙarfe mai duhu X-10 ko XF-56.

In launin bai yi ba

In ya fi haske kaɗan kuma kiliya ba ta hau ba, hawa ɗaya ko biyu na iya gyarawa. In ya yi duhu, babu dawowa sai wankewa. Jiƙa jikin a cikin sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, a roba mai murfi, na wasu awoyi, ka goge da tsohon burushin haƙori. Yana cire akirilik da yawancin fentin tina. Na mai ya fi jin maganin wanke tanda, a sa safar hannu. Man birki yana cire fenti amma yakan sa roba ta yi gautsi, ginshiƙan gilashi su karye. Tinar mota da asiton kuwa narkar da jikin za su yi. Bayan wankewa, wanke da sabulu, bar shi ya kwana, ka bi shi da samfefa mai lamba 1000 zuwa 1500 kafin sabuwar firaima, sannan ka koma kan littafinka ka duba wane cokali ne ya fi kusa, ka fara daga nan.